Ganyen darbejiyata ya koma ruwan ɗorawa, in zuba mata yuriya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan da na dasa darbejiya a gefen gonata don ta tare mini iska. Tun da hunturu ya fara janyewa ganyenta ke komawa ruwan ɗorawa yana zuba, wasu sun kusa zama tsirara. Wani mai sayar da kayan gona ya ce yunwa ce, in zuba yuriya a gindin kowacce kafin su mutu. Abin da ya ɗaure mini kai, manyan bishiyoyin da mahaifinmu ya bari ba a taɓa ba su taki ba, kuma suna nan garau. Ina tsoron wahalata ta tashi a banza. Daga wani manomi a ƙasar Gumel.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, ka kuma bar kuɗin yuriyar nan a aljihu. Ka kankare ɓawon reshe da farce. In ka ga kore da danshi a ƙarƙashi, bishiyarka na raye. Darbejiya dama takan sauya ganye wajen Fabrairu zuwa Maris.

Kafin bishiya ta saki ganye, sai ta kwashe abin da ta zuba a cikinsa ta mayar cikin reshe da saiwa, kamar yadda ake kwashe hatsi daga rumbun da za a rushe. Kusan rabin naitirojin da fosfaras ɗin ganyen, wato sinadaran abincin shuka, wani lokaci ma fiye, haka yake komawa ciki. Kalsiyam kuwa ba ya iya komawa, shi ya sa yake taruwa a tsohon ganye. Launin da ya tsorata ka alamar wannan kwasar ce, kuma da ajiyar za ta fitar da sabon toho tun ruwa bai sauka ba.

Wannan magana ta "ganye ya yi ɗorawa, a zuba taki" ta ishe ni. Kusan kullum sai an zo mini da ita, kuma in ka bi diddigi, daga bakin mai buhun sayarwa ta fito. Mutumin da bai tambaye ka wane wata ne ba, bai tambayi wane ganye ya fara canzawa ba, bai taka gonarka ba, da me ya gano yunwa? Yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce. Ka zuba ta a busasshen yashi, da ta samu ɗan danshi da zafin rana sai wani kaso ya bi iska, har warinsa za ka ji. Ka tara ta a gindin ƙaramar bishiya ka bi da bokitin ruwa, sai ta zama gishiri mai tsotse ruwa daga ƙananan saiwoyi, bayan kwana kaɗan gefen ganye ya ƙone. In kuma bishiyar ta tsira, ka tilasta mata fitar da lallausan toho a tsakiyar zafin bazara, lokacin da ba ruwan da zai riƙe shi, awaki kuma ba su da wani kore sai shi. Daga nan a koma wajen mai shagon, ya ce ai ƙwari ne, ga maganin feshi. Har wasu ma'aikatan shirye-shiryen dashe suna raba takarda ɗaya mai awon taki ɗaya ga kowace bishiya a kowane wata, sai ka ce gawo da kuka halinsu ɗaya. Alhali kuka da rani take tuɓewa, gawo kuwa da damina, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa.

Yunwa ta gaskiya da damina ake gane ta. In a watan Agusta, ƙasa a jiƙe, ka ga tsofaffin ganyen ƙasa sun koɗe bishiya kuma ba ta girma, to naitirojin ne. In sababbin ganyen sama ne suka koɗe jijiyoyinsu na nan kore, sinadarin ƙarfe ne, yuriya ba ta maganinsa.

Batun bishiyoyin mahaifinku, shekaru ne suka yi musu aiki. Ƙaramar bishiya tana gina jiki, yawancin abincinta daga ƙasa take nema da gajerun saiwoyi. Babba tana juya ajiyarta shekara bayan shekara, saiwarta ta yi nisa, ganyen da ta zubar kuma gara da ruwan sama suna mayar mata da shi. Ƙasarmu ta Arewa kuma tana da ƙarancin fosfaras.

Saboda haka kada ka share ganyen da ya zuba ka cinna masa wuta, naitirojin ɗin da ya rage hayaƙi zai bi. Tara shi kewaye da bishiyar, amma kada ya taɓa jikinta saboda gara. In ruwa ya zauna, ka sa ruɓaɓɓen takin gargajiya da ɗan sufa ko kamfa, takin zamani masu fosfaras, a zagaye, daidai inda inuwar rassa ta tsaya, ka rufe da ƙasa.