Amsa ga mai son sayen Burgman 650: ka fara nemo bakanikensa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa mai tambaya, sau biyu na karanta saƙonka, wallahi kamar ni na rubuta shi. Ka ce za ka ajiye mota saboda mai ya gagara, an nuna maka babban babur ɗin nan na Suzuki, Burgman 650, ɗan Kwatano mai tsafta, kullum kana zuwa aiki Wudil daga cikin Kano, kana son jin ko zai yi maka. Akwai kuma dalilin da ba ka faɗa ba, bari in faɗa maka shi: ka hau ka ɗana, ka ji yadda kujerar nan ta rungume ka, tun daga ranar ba ka ƙara yin barci mai kyau ba. Ni ma haka aka yi da ni.

Nawa ƙanin wanda kake nema ne, Burgman 400, ƙirar 2008. A ƙarshen 2022 na saye shi a hannun wani dillali da abokin aikina ya haɗa ni da shi. Mutum kamili a ido, ga gemu ga carbi, har sallar la'asar muka yi sahu ɗaya kafin mu yi ciniki. Mitar babur tana nuna kilomita 19,000 da 'yan kai. Ya ce wani tsohon Bature ne yake hawansa, daga gida sai coci ranar Lahadi. Na tambaye shi bel, wanda shi ne yake juya tayar baya a madadin kaca, ya dafa ƙirji ya ce sabo ne, shi da kansa ya tsaya aka saka. Ban ce a buɗe in gani ba, kunya ta hana ni. Mutumin da kuka yi sujada tare, ta yaya za ka ce masa kwance in duba?

Gaskiya wata huɗun farko na ji daɗin da ban taɓa ji a kan ƙafa biyu ba. Ba giya, ba kuloci, murɗa kawai ka tafi. Gilashin gaba ya tare maka iskar hunturu, ƙafarka tana miƙe kamar kana falo. Ƙarƙashin kujera lita 62 ne, hular kwano biyu suna shiga, ni kuwa cefanen mako guda nake zubawa har da kwalin taliya. A kwalta mai kyau kana tafiya 110 ba ka jin ko girgiza. In ka tsaya a danja, mai Boxer ya leƙo, mai adaidaita ya leƙo, kowa sai ya ce Alhaji nawa ka saye shi. Ba zan ɓoye ba, wannan ma yana cikin abin da na biya wa kuɗi.

Sai farkon azumin 2023. Kun tuna lokacin, wahalar takardun kuɗi ba ta gama sakin mutane ba, ga zafi kamar a gasa gurasa a kan titi. Aka kira ni daga Zariya cewa jikin Hajiyarmu ya tashi. Na fito bayan la'asar, lissafina in sha ruwa a gabanta. Na wuce Kura, na wuce Kwanar Ɗangora, ina ta gudu a sabuwar kwalta. Kafin in kai Tashar Yari na ji wani "fat!" a ƙarƙashina, inji ya yi kuka ya hau sama, babur kuwa ya saki jiki. Ina murɗawa yana ihu, taya ba ta san ana yi ba. Allah ya taimake ni guntayen bel ɗin ba su cije tayar baya ba, da tirelar da ke bayana ce za ta ba da labarina.

Na gangara gefe. Ba gari gaba, ba gari baya. Ɗan'uwa, ka taɓa tura abin da ya haura kilo 200 da azumi a bakinka? Ban yi taku ɗari biyu ba na ji duniya tana juyawa, na zauna a kan kwalbati ina kallon sa, shi ma yana kallo na da manyan fitilunsa kamar ba shi ba. Masu babura suna tsayawa, Allah ya saka musu, amma kowa ya sunkuya ya leƙa sai ya ce ina kacar take? Wani bawan Allah ya ɗauko bakanike daga ƙauyen da ke kusa, yaron ya zagaya shi sau uku da sufana a hannu, ya ce Alhaji ni ban ma ga ta inda ake shiga ba. Na sha ruwa da dabino biyu da wani direba ya miƙo min ta taga, da ruwan leda mai ɗumi. Ƙanwata tana ta kira, Yaya kana ina, Hajiya tana tambayarka. Na ce gani nan, gani nan, alhali ina zaune a bakin titi ina korar sauro.

Sai wajen ƙarfe tara na samu mai a-kori-kura da ya sauke tumatir zai koma wajen Kadawa. Ya ce shi kuɗi hannu yake so, ba ya karɓar tiransifa, an cuce shi da yawa a watan. Naira dubu biyu ce a aljihuna. Na roƙe shi, na ba shi agogona jingina, sannan ya yarda. Mu shida muka ɗaga babur ɗin, robar gefe ta fashe a hannunmu, muka kwantar da shi a cikin ragowar kwandunan tumatir. Ban ga Hajiya ba sai washegari da azahar, a motar haya. Ta samu sauƙi, alhamdu lillahi, amma abin da ta fara ce min shi ne, ai na ce maka wannan abin ba na talaka ba ne.

Tsugune ba ta ƙare ba. Na kai shi wurin wani bakanike da aka ce min ya ƙware a manyan babura. Ya ce ai wannan wasa ne, sun gyara ɗaruruwa. Na dawo bayan kwana biyu na tarar ya sa kurfi da guduma yana dukan notin fulen gaba, ya karya fukafukin fulen guda biyu. Robobin jiki kuwa, duk 'yan kunnuwan da suke kama juna ya ɓalle su don bai san ta inda ake farawa ba. Ya kawo wani bel da ba a san asalinsa ba, ya fi na ainihi siranta, ya ce duk ɗaya ne. Sati biyu ya yi ya fara ƙauri. Ya zuba min ruwan leda a lagireto ba tare da ya tambaye ni ba. Da na yi magana sai ya ce Alhaji kai ka cika ƙorafi, inji ai inji ne. Har yau in na bi ta gaban garejin nan sai na ji ƙirjina ya yi nauyi.

Amma wanda ya fi ƙona min rai dillalin ne. Garin kwance robobin nan aka ga wata 'yar takarda manne a ciki, ta wani gareji a Italiya, an rubuta ranar da aka yi juye da kilomita 61,000. Wato mitar gaba ɗaya aka canza. Bel ɗin da ya rantse sabo ne, Allah kaɗai ya san shekarunsa. Kamfanin da ya ƙera babur ya rubuta a littafinsa a canza bel duk kilomita 24,000, don haka babur bai yi min laifin komai ba, ya ma yi haƙuri. Na je na same shi da takardar a hannuna. Ko gezau bai yi ba, ya ce shi ma haka ya saya, kuma ai kayan Kwatano sa'a ne. Na ce to rantsuwar fa? Ya ce Malam kar ka ɗaga min murya a gaban mutane. Abokin aikina da ya haɗa mu, ashe ya karɓi la'adarsa ta bayan fage, shi ne ma yake ba ni haƙuri wai a bar wa Allah. Na bar wa Allah ɗin, amma mun daina cin abinci kwano ɗaya. Kwanaki na hango dillalin a wajen wani ɗaurin aure, ya miƙo min hannu yana fara'a, yana tambayata ya babur.

To, kai 650 kake magana. Wannan ya fi nawa nauyi nesa, kusan kilo 280 in an cika masa mai, Boxer kuwa wajen 120 ne. In ya kwanta maka a yashi ko a caɓin damina, kai kaɗai ba za ka tashe shi ba sai ka kira jama'a. Ka auna ƙofar gidanku tukuna, ka duba ko akwai dakali ko kwata a bakin zaure, domin cikinsa a ƙasa yake sosai, tsakaninsa da ƙasa bai wuce santimita 13 ba. Duk tudun rage gudun da mutanen unguwa suka gina da kansu sai ya goge shi. Ni sai da na sa aka fasa min dakalin ƙofa, maigidan haya ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata.

Kuma giyarsa ba irin tawa ba ce. Nawa bel ne da 'yan rola, wanda ya sani zai buɗe murfi ya canza cikin awa biyu. Na 650 kwamfuta ce take sarrafa shi da ƙaramar mota ta lantarki, bel ɗin yana rufe a can ciki, in ya samu matsala sai an sauke inji gaba ɗaya. In lafiyarsa ƙalau yana daɗewa ƙwarai, amma wa zai faɗa maka gaskiyar kilomitarsa? An ma daina ƙera shi, ka san kayansa ba ƙaruwa za su yi ba. Kar ka ba da ko kafin alƙalami sai ka ga mutumin da ya taɓa buɗe irinsa da idonka, ka ga aikin da ya yi, ka yi magana da mai babur ɗin. Ni sai bayan wata biyar na samu wani dattijo da ya yi aiki a Legas, shi ya dawo min da shi hayyacinsa. Yanzu ko fulogi ba mai taɓa min sai shi, in ya yi tafiya babur ya jira shi.

Maganar mai da ka kawo, kar ka yaudari kanka. Tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi kowa lissafin lita yake yi. Nawa yana ba ni kilomita 24 zuwa 26 a lita, 650 kuwa wajen 20 za ka samu, tankinsa lita 15. Ya fi mota sauƙi, amma ya ninka Boxer sha. Kano zuwa Wudil da dawowa ya haura kilomita 80, a shekara kana maganar wajen 20,000. Tayar baya ba za ta kai maka ƙarshen shekara ba, kuma 160/60 ce mai inci 14, ba irin wadda za ka shiga Ƙofar Ruwa ka ɗauko a shagon farko ba. Duk abin da ka rage a gidan mai, a nan zai fita, da dala kuma, ka ga dai inda dala ta kai tun da aka saki naira. In za ka sayi taya ka duba lambobi huɗun nan na gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. An taɓa kawo min mai shekara tara tana ƙyalli an shafe ta da mai.

Ba shi da kik, kuma ba ya tashi da turi. Batir ya mutu, ka zauna. Man 'yan bumburutu kar ka kusance shi, injekta ne, famfon mansa yana cikin tanki, datti kaɗan zai sa fitilar FI, mai nuna matsalar injekta, ta fara ƙifta maka ido. Ni galan nake ajiyewa daga gidan mai ɗaya da na yarda da shi. Lokacin hunturu ina tsaftace matatar iska kusan duk mako biyu. In kana neman kaya a intanet ka riƙa rubuta Skywave ma, sunansa ke nan a Japan, wani lokacin ya fi araha da wannan sunan. Takardar kwastam kuma ka gwada lambar shasi da idonka, harafi bayan harafi, kar ka bari a karanta maka.

Uwargida ta fi kowa son sa, ita ce ma ta hana ni sayarwa lokacin da na yi zuciya, wai bayanta ba ya ciwo a kansa. Sai dai tun da aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013 maganar goyo ba ta da tabbas, girman inji ba ya fitar da kai, ka bincika kafin ka yi wa iyali alkawari. Yaran unguwa kuma jirgi suke ce masa, sun karce min shi da ƙusa sun rubuta sunayensu, na gaji na sai masa tamfol.

Da ni ne kai, da mota a hannu, ba zan sayar da ita ba. Zan nemi 400 ko ma XMAX 300 na Yamaha, in ware kuɗin bel da rola da taya biyu da batir a gefe, in canza su duka a makon farko ko da mai sayarwa ya rantse da abin da zai kashe shi. In kuma zuciyarka ta kafe a kan 650 ɗin, na san ba za ka ji ba, ni ma ban ji ba. Ranar Juma'a dai ka yi hankali da motocin shanu a hanyar Wudil, ƙananan tayoyin nan ba sa son rami. In ka sa ranar zuwa dubawa ka yi min magana in raka ka, ranar Asabar ba na aiki. Ka ce wa mai shi kar ya tayar da shi kafin mu zo, da sanyinsa nake son jin kukansa, kuma ka taho da tocila.