Daga Kanta Zuwa Gaban Alƙali: Amsoshin Wasiƙunku

Wasiƙu huɗu muka zaɓa a wannan fitowa, dukkansu kan abin da ke faruwa tsakanin ranar da aka kama mutum da ranar yanke hukunci. Lauyoyin da ke kula da wannan shafi ne suka amsa. Sassan da aka ambata na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ne da na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda ke aiki a Abuja da kotunan tarayya. Jihohi sun yi tasu, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Lambobin sassa kan bambanta, don haka a duba ta jihar da ake.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Yau kwana biyar da kama ɗana kan zargin sayen wayar sata. Ya ce tun daren farko aka rubuta sitatimen da Turanci, aka ce ya dangwala yatsa, ya dangwala ba tare da ya san abin da ke ciki ba. Na je neman beli, an ce mace ba ta tsaya wa mutum, kuma sai an kawo kuɗi. Ina zan sa kaina? Daga wata uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Mama. Allah ya kawo mafita. Kwana biyar ya wuce ƙa'ida. Sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ce in akwai kotu a cikin tazarar kilomita 40, a kai wanda aka kama gabanta cikin kwana ɗaya. In babu, kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace. Sayen kayan sata ba laifin da hukuncinsa kisa ba ne, don haka 'yan sanda na da ikon ba da belinsa, kuma belin caji ofis kyauta ne. Zancen mace ba ta tsayawa kuwa ba shi da tushe. Sashe na 167 na dokar 2015 ya hana a ƙi mutum don kawai mace ce.

Ki daina roƙo da baki a kantar caji ofis. A rubuta miki takardar neman beli zuwa ga DPO, kwafi biyu, da sunan yaron da ranar da aka kama shi da sunan ɗan sandan da ke binciken. Ki miƙa ɗaya, a buga miki hatimi da kwanan wata a ɗayar, ki riƙe ta. In an kwana ba labari, ki kai wannan kwafi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa da ke babban birnin jiharku, aikinsu kyauta ne ga marasa hali. Lauya zai iya sanar da kotu, ita kuma ta ba da umarnin a kawo shi gabanta. Haka nan doka ta ɗora wa majistare zagayen ofisoshin 'yan sanda aƙalla sau ɗaya a wata, yana da ikon duba rajistar kamu ya ba da beli nan take.

Abin da ya fi damun mu a wasiƙarki shi ne takardar da ya dangwala wa yatsa. Sashe na 17 na dokar 2015 ya ba shi damar a ɗauki jawabinsa a gaban lauyansa, ko jami'in agajin shari'a, ko wani da ya zaɓa. In ba ya jin Turanci, tafinta ya rubuta, ya karanta masa har ya gamsu, sannan tafintan ya sa sunansa da hannunsa. Iyali kan manta da wannan takarda da zarar an samu beli. Bayan watanni sai mai gabatar da ƙara ya zaro ta a kotu ya ce ga ikirari. A daidai wannan lokacin ne ake ƙalubalantar ta, kafin alƙali ya karɓe ta. In an yi shiru ta shiga, fitar da ita sai an sha wuya.

Ki zaunar da yaron ya faɗa wa lauya ainihin yadda aka yi, domin hanya biyu ce. In ya ce duka ko barazana ce ta sa ya dangwala, sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗora wa masu ƙara nauyin tabbatar da cewa ba tilasta shi aka yi ba, kuma kotu kan tsaya ta yi ƙaramar shari'a kan wannan batu kaɗai. In kuwa cewa ya yi maganar ba tasa ba ce, kotu kan karɓi takardar, ta auna nauyinta a ƙarshe. In akwai tabo a jikinsa, a ɗauki hoto ranar da ya fito, a kai shi asibitin gwamnati a karɓi rahoton likita a rubuce. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 25 ga wanda ya azabtar da tsararre. Daga yau kada ya ƙara sa hannu a komai sai lauya na wurin. Yin shiru haƙƙinsa ne.

TAMBAYA: An kai yayana kotun majistare bisa zargin fashi da makami. Alƙali ya ce ba shi da hurumi, a tsare shi a jira shawara daga Ma'aikatar Shari'a. Wata tara ke nan yana gidan gyaran hali, ko shaida ɗaya ba a kira ba. Daga wani ƙane.

AMSA: Malam, yayanka yana cikin halin da mafi yawan mazauna gidajen gyaran hali na ƙasar nan suke ciki, wato jiran shari'a. Fashi da makami laifi ne da hukuncinsa kisa, Babbar Kotu ce kaɗai ke sauraronsa. Majistare ajiye shi kawai ya yi. Ba a ma fara shari'arsa ba.

Ga hanyar da fayil ke bi. Ɗan sanda mai bincike zai kammala kundin binciken, a yi kwafinsa, a aika ofishin Daraktan Gabatar da Ƙararraki a Ma'aikatar Shari'a. Lauyan gwamnati ya karanta ya ba da shawara: ko a shigar da tuhuma a Babbar Kotu, ko a rage ta zuwa ƙaramin laifi, ko a sallami mutum don babu hujja. Dokar 2015 ta ba da kwana 14 a fitar da shawarar bayan karɓar fayil. Sau da yawa ana zaune ana jiran Ma'aikata alhali fayil ɗin bai ma bar hannun 'yan sanda ba, ko don an sauya wa mai binciken wurin aiki, ko don ba a yi kwafin ba. Saboda haka aikinka na farko shi ne gano inda yake. Karɓi lambar ƙarar a wurin rajistaran kotu, ka je da ita Ma'aikatar Shari'a ka tambaya ko fayil ya iso, kuma yaushe. In bai iso ba, takarda ga Kwamishinan 'Yan Sanda. In ya iso, takarda ga Antoni-Janar.

Tsarewar kanta tana da iyaka. A sashe na 296 na dokar 2015, umarnin farko ba ya wuce kwana 14, a ƙara wasu 14 in an kawo dalili. Daga nan kotu ta kira 'yan sanda da Antoni-Janar su yi bayani cikin wasu kwana 14, sai ƙarin ƙarshe na kwana 14. Jimla kwana 56. In ba a kawo gamsasshen dalili ba, kotu na da ikon sallamarsa. Ana ƙetare wannan iyaka a kullum, kuma abin yana ci mana rai, amma in lauya ya tashi a gaban alƙali ya karanto sashen ya lissafa kwanakin, magana kan canza.

Beli a irin wannan laifi sai alƙalin Babbar Kotu, kuma sai da dalili na musamman: rashin lafiya da likitan gwamnati ya tabbatar, ko jinkirin da ya haura shekara ɗaya. In ka je ziyara, ka roƙi ofishin ajiye bayanai na gidan su duba maka takardar tsarewarsa ko tana ɗauke da ranar zama na gaba. In ranar ta wuce ba a rubuta sabuwa ba, motar kotu za ta riƙa tashi kowace safiya ba shi a ciki, kuma ba wanda zai lura. Ka kuma nemi a sa sunansa cikin waɗanda za a gabatar wa Babban Jojin jiha in ya zo zagayen rage cunkoso.

TAMBAYA: Ƙanena ya ci bashi ya gudu, aka kama ni a madadinsa, na kwana biyu a sel. Haka doka ta ce? Daga wani ɗan kasuwa.

AMSA: A'a, Alhaji. Sashe na 7 na dokar 2015 ya haramta kama wani a madadin wani, sashe na 8 kuma ya hana kamu kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta maimaita duka biyun. Kana da damar zuwa Babbar Kotu neman haƙƙinka, kuma Tsarin Mulki ya tanadi diyya da ba da haƙuri a bainar jama'a ga wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba. In an sa ka rubuta alkawarin biya kafin a sake ka, ka nuna wa lauya kafin ka biya ko sisi.

TAMBAYA: Ina kan beli, mako mai zuwa za a kai ni kotu kan zargin cin amana. Wani ya ce in amsa laifi kawai, a ci ni tara kaɗan in huta. In bi shawararsa? Daga wani matashi.

AMSA: Ɗan'uwa, kada ka amsa abin da ba ka yi ba don gudun zirga-zirga. Ranar farko za a karanta maka tuhuma, a tambaye ka ko ka gane, sannan ko ka aikata. In ba ka jin harshen da ake magana da shi, ka nemi tafinta, kyauta ne. Da ka ce “na aikata”, alƙali na iya kama ka da laifi a zaman nan, kuma ba wanda ke tsaye a barandar kotu da zai iya yi maka alkawarin cewa tara ce ba ɗauri ba. Sunanka zai shiga cikin waɗanda kotu ta taɓa kamawa da laifi, ɗaukaka ƙara bayan ka amsa da bakinka kuwa abu ne mai wuya. In ka musa, nauyin kawo hujja na kan masu ƙara.

In ka san ka yi, akwai hanyar da ta fi wannan. Sashe na 270 na dokar 2015 ya yarda da sasantawa tsakaninka da mai gabatar da ƙara, a rubuce, tare da jin ta bakin wanda aka cuta. Kafin hukunci kuma za a ba ka damar roƙon sassauci. Ka zo da rasitin abin da ka mayar, ka ambaci cewa karon farko ne in haka ne, da waɗanda kake ciyarwa, da adadin kwanakin da ka yi a tsare, domin sashe na 416 ya ce a lissafa su cikin hukunci.

Kada ka tsallake zama ko ɗaya. Rashin zuwa kan jawo a ba da izinin kamo ka, a soke belin, a nemi wanda ya tsaya maka ya biya kuɗin da ya sa hannu a kai. In ciwo ya kwantar da kai, takardar likita ta isa hannun lauyanka ko wanda ya tsaya maka tun da safe, kafin a kira ƙarar.