Shin ƙara harajin giya yana rage shanta a tsakanin matasa?

Tambaya: Malam, ni malama ce a wata makarantar sakandare a Jos, kuma ina ganin ɗalibai suna sayen giyar leda a hanyarsu ta komawa gida. Idan gwamnati ta ƙara wa giya haraji, matasa za su rage sha?

Amsa: Malama, za su rage, domin kuɗin da ke hannun matashi kaɗan ne, kuma tashin farashi ya fi taɓa shi fiye da magidanci mai albashi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙarin haraji cikin matakai mafi tasiri wajen rage shan giya.

A shekarar 2008 gwamnatin Ostareliya ta ƙara kashi 70 cikin 100 a kan harajin giyar kwalba mai zaƙi wadda matasa suka fi so, kuma cinikinta ya faɗi sosai, sai dai wasu masu sha sun koma ga barasa mai ƙarfi wadda ƙarin bai shafa ba.

A nan ne damuwata take game da ƙasarmu. Najeriya ta ƙara harajin giya a 2018, amma burukutu da ogogoro da ake haɗawa a gida ba sa bi ta hannun mai karɓar haraji. Giyar ledar da kika ambata kuwa, arharta ce ke jawo yara, abin da ya sa hukumar NAFDAC ta fara aiwatar da haramcinta a 2024.