Sauya Shokabzoba a Gida: Me Za a Saya, Me Kuma Za a Bar wa Bakanike?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Zariya, ina da Toyota Corolla ƙirar 2006 wadda ta yi tafiyar fiye da kilomita 200,000. Kwanan nan idan na faɗa rami ko na hau gargada sai in ji gabanta yana ƙwanƙwasawa, idan kuma na taka birki sai ta dungura kamar mai ruku'u. Ina da jak da sifanoni, kuma ni nake yi mata juyen mai da kaina. Shin zan iya sauya shokabzoba a gida, kuma wanne ya kamata in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka fitar da ko kwabo, ka raba alamomin nan biyu da ka ambata, domin ba lallai ne ciwo ɗaya ya haife su ba. Dungurar da motar take yi idan ka taka birki tana nuna gajiyar shokabzoba, amma ƙwanƙwasa sau da yawa daga linkej take fitowa, wato siririn ƙarfen da ke haɗa shok da sandar da ke hana mota kishingiɗa a kwana, ko daga bol-join, wato gaɓar da ƙafar taya take juyawa a kai, ko kuma daga robar da ke saman shok ɗin, kuma duk waɗannan ba su kai shi tsada ba. Ka danna kusurwar motar da ƙarfi ka saki. Idan ta ɗago ta tsaya, to da sauƙi; idan kuwa ta ci gaba da lilo sau biyu ko uku, to shok ya mutu. Ka leƙa bayan taya da fitila: ɗan danshin da ƙura ta manne a kai ba abin damuwa ba ne, amma man da ya gangaro ya jiƙa jikin bututun shaida ce cewa abin da ke riƙe man ya lalace. Ka kuma shafa tayar da tafin hannu, domin tayar da take tsalle a kan titi takan cinye tudu da kwari maimakon ta cinye bai-ɗaya. Kamfanonin da ke ƙera shokabzoba sukan ba da shawarar a duba shi daga wajen kilomita 80,000, saboda haka idan naka na asali ne, ya daɗe da cinye wa'adinsa.

A kasuwa duk shok muke ce musu, amma abin da ke gaban motarka ya wuce shok zalla. Injiniyoyi suna kiran sa siturot ɗin MacPherson, da sunan wani injiniyan Amurka, Earle MacPherson, wanda kamfanin Ford ya yi amfani da tsarinsa a motocinsa na Ingila a farkon shekarun 1950. A wannan tsari shok da sifirin a haɗe suke, sifirin ya naɗe shok ɗin, samansa yana ɗaure da jikin mota da noti uku a ƙarƙashin bonet, ƙasansa kuma yana ɗaure da ƙafar taya da manyan ƙusoshi biyu. Shi ne yake riƙe tsayuwar tayar, kuma tare da shi take juyawa idan ka murza sitiyari.

Haɗarin aikin duka yana wuri guda. A tsakiyar notunan nan uku akwai babban noti na huɗu, wanda shi kaɗai ne yake danne sifirin ɗin da aka matse da ƙarfin da ya isa ɗaukar kusurwar mota. Wanda ya kwance wannan noti ba tare da ya fara kama sifirin da abin matse shi ba, sifirin zai yi tsalle da ƙarfin da ke iya karya muƙamuƙi ko fasa kai. Na sha ganin ana kwantar da shi a ƙasa a gareji, yaron shago ya taka da ƙafa, maigida ya kwance, kowa ya kauce; wannan ganganci ne, kuma tsira da aka yi jiya ba hujja ba ce ta maimaitawa yau.

Saboda haka shawarata ita ce ka sayi wanda 'yan kasuwa ke kira kamfilit, wato shok da sifirin da robar sama da boris ɗinta duk a haɗe daga kamfani. Monroe na sayar da irinsa da sunan Quick-Strut, KYB kuma da sunan Strut-Plus. Ya fi tsada, amma ya raba ka da taɓa notin tsakiya gaba ɗaya, ya kuma sabunta robar saman da wataƙila ita ce take yi maka ƙara. Idan kuɗinka shok zalla za su saya, to ka cire tsohon a gida yadda yake, ka kai shi wurin bakaniken da ka ga abin matse sifirin a hannunsa da idonka, ya mayar maka da sifirin kan sabon, ka dawo ka ɗaura. Ka sayi na hagu da na dama tare, ka kuma lura cewa ba iri ɗaya ba ne, domin kunnuwan da ake ɗaure linkej da tiyon birki suna fuskantar ɓangarori daban-daban.

Ranar aikin ka ajiye motar a kan daɓen siminti, ka ja hanbirki, ka sa weji a tayoyin baya. Jak na ɗagawa ne kawai. Nauyin motar ya zauna a kan madogarar ƙarfe da aka yi don haka, ban da bulo, domin bulo yakan farfashe ba tare da gargaɗi ba. Idan ka ɗaga gaban duka biyu, linkej zai fi sauƙin fita. Ka cire taya, ka kwance linkej, ka saki maƙalar tiyon birki da wayar ABS idan motarka tana da ita, sannan ka kwance manyan ƙusoshin ƙasa. A nan ne masu koyo suka fi yin ɓarna, domin da zarar ƙusoshin sun fita, ƙafar tayar takan faɗo waje ta ja tiyon birki ko ta zaro shaf daga mazauninsa, don haka ka tallafe ta da jak ko ka ɗaure ta da igiya. Notunan sama su ne na ƙarshe, hannu ɗaya yana riƙe da siturot ɗin. Wajen mayarwa ka fara da sama, ka ɗaure kowane noti da sifana mai awo gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa; notunan taya na Corolla irin taka Nm 103 ne (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri). Ka gama gefe ɗaya kafin ka taɓa ɗayan, domin idan ka rikice ka sami abin dubawa.

Tambaya: Ni 'yar kasuwa ce a Kaduna, ina da Toyota Sienna da nake ɗauko kaya da ita. Bayanta ya zauna ko da babu kaya a ciki. An ce in sauya shok na baya guda ɗaya da ya zubar da mai, a kuma cusa roba a cikin sifirin don ta ɗago. Ɗana yana son ya yi aikin da kansa.

Amsa: Hajiya, shokabzoba ba ya ɗaukar nauyin mota, sifirin ne yake ɗauka. Aikin shok shi ne ya hana sifirin ci gaba da tsalle, ta hanyar tura mai ta cikin ƙananan ƙofofi a jikin fistan ɗinsa. Motar da bayanta ya zauna ba tare da kaya ba, sifirinta ne ya gaji ko ya karye, kuma sabon shok ba zai ɗago ta ba. Robar da ake cusawa tana ɗan ƙara tsayi, amma tana rage wurin da sifirin ke motsawa, ta mayar da bugun hanya kan jikin motar, kuma ba ta dawo da ƙarfin da ƙarfen ya rasa. Ki sayi sifirin biyu da shok biyu. Idan aka sauya gefe ɗaya kawai, sabo da tsoho ba za su riƙe hanya daidai ba, kuma a kwana ko a jiƙaƙƙen titin damina ne za ki ji bambancin.

Ɗanki zai iya sauya shok ɗin, domin a bayan Sienna shi da sifirin kowa zamansa daban, ɗauri ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Ya tallafi ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya da jak kafin ya kwance, domin shok ne yake hana shi saukowa har sifirin ya suɓuce. Kada kuma ya ƙarasa ɗaure ƙusar ƙasa sai nauyin motar ya dawo kan ƙafafunta, in ba haka ba robar bushin za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Sauya sifirin kuwa ki bar wa bakanike.

Tambaya: Ni direban haya ne tsakanin Kano da Katsina. Tsakanin sabon shok na kwali da Beljiyam, wanne ya fi? Abokaina sun ce sabo jabu ne, Beljiyam ya fi ƙarko.

Amsa: Abokanka ba su yi ƙarya duka ba, Malam Direba, domin akwai sabon da kwalinsa kawai ne na kirki. Amma shok na cikin kayan da suke cinyewa da tafiya, kamar taya, kuma wanda aka ciro daga motar da ta yi shekara goma sha biyar a Turai babu wanda zai gaya maka nawa ya rage a rayuwarsa. Akwai kuma wanda aka huda, aka ɗura masa mai, aka toshe da walda, aka fesa fenti, ya koma kasuwa da sunan Beljiyam. Ni dai ga mai bin hanya kullum da fasinjoji, sabo na sanannen kamfani nake zaɓa, irin su KYB na Japan ko Sachs na Jamus ko Monroe na Amurka, daga dilan da zai rubuta rasit mai ɗauke da lambar kayan ya kuma yarda da garanti.

Ko a Ƙofar Ruwa za ka saya, ko a Panteka, ka tafi da tsohon a hannu da lambar shasin motarka mai harafi da lamba 17, domin mota mai suna ɗaya takan bambanta tsakanin ƙirar Amurka da ta Turai. Ka duba cewa lambar da ke kwali ita ce a jikin bututun. Idan Beljiyam ɗin ne dai aljihu ya kai, ka nemi alamar walda ko sabon fenti, ka duba sandar mai sheƙi kada ta kasance da tsatsa ko ƙarzuwa, sannan ka tsayar da shi ka danna ka ja: ya kamata ka ji turjiya iri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, ba tare da wani wurin da ya wuce fayau ba. Mai gas, wanda aka cika da iskar naitirojin don kada man ya yi kumfa idan ya ɗauki zafi, zai miƙe da kansa idan ka saki, kuma shi ya fi dacewa da doguwar hanya irin taka. Wajen ɗaurawa kada a kama sandar da filaya, domin ƙarzuwa ɗaya ta isa ta sa sabon shok zubar da mai.

Tambaya: Na sauya na gaba biyu, motar tana tafiya lafiya. Dole ne in yi alaimen?

Amsa: Dole ne ka yi alaimen, wato saita tsayuwar tayoyi. Ƙusoshin ƙasan nan biyu suna shafar karkatar taya, kuma kaucewar da ido ba ya gani ta isa ta cinye gefen sabuwar taya cikin 'yan watanni. Ka kai ta a cikin makon nan, ka kuma sa a sake duba ɗaurin notunan a can. Tsofaffin da ka cire ka miƙa wa masu sayen gwangwan, kada yara su jefa su cikin wutar shara, domin akwai mai da iskar da aka matse a cikinsu.