Amsa kan kalmar "garambawul"

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena, na saurari muryarka, kana tambaya wai in gwamnati ta ce za ta yi garambawul, alheri ke tafe ko wahala. To wallahi kalmar ita kaɗai ba za ta faɗa maka ba. Ka ga makaniki in zai yi wa mota garambawul, inji yake buɗewa, ya ɗago maka fistin ɗin da ya cinye, ya ce ga abin da zan canja, ga ranar da za ka zo ka ɗauka. Haka nake so shugaba ya yi magana.

Ɗauki ƙasar Sin. Bayan 1978, zamanin Deng Xiaoping, aka fara barin manomi in ya ba gwamnati kason da aka yanka masa, ya riƙe rarar ya sayar. A rumbunsa ya ga gyaran, ba sai an yi masa dogon jawabi ba. Ƙasar Girka kuwa a 2010 ta ci bashin Yuro biliyan 110 daga Turai da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, shi ma da sunan gyara. Aka zaftare albashi da fansho, aka ƙara haraji, zuwa 2013 rashin aikin yi ya kai kashi 27 cikin 100. Dattijon da ya gama aikinsa, ya dogara da fansho, shi ya ɗauki nauyin.

Ba ina cewa duk gyaran da ya yi ciwo zalunci ba ne, a'a. Akwai tallafin da ke zurarewa aljihun masu hali, taɓa shi daidai ne. Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda ake ƙulla zancen. Ku saurara da kyau: "a ƙara haƙuri", "a tsuke bakin aljihu", "za a ga amfani nan gaba". Wannan "a" ɗin ba ta da suna, ba ta da fuska. Aljihun wa za a tsuke, na malamin firamare ko na minista? Kuɗin da aka rage ina za su, asibiti ko biyan bashi? "Nan gaba" kuma wace shekara ce?

Don Allah ƙanena turo mana jawabin da ka ji ɗin, mu bi shi layi-layi mu ga ko an ambaci wanda zai biya.