Firinta mai katirij ko mai tanki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan buɗe shagon buga takardu kusa da wata makaranta a Zariya. A kasuwa an nuna min firinta iri biyu, mai araha da ke amfani da katirij (ɗan akwatin tawada da ake canzawa in ya ƙare) da mai tankin tawada mai tsada. Wani ya ce min mai arahar kan ƙi karɓar katirij ɗin da ba na kamfani ba. Da gaske ne? Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Da gaske ne, kuma da gangan aka ƙera ta haka. Kamfanonin da ke ƙera su ba a jikin firinta suke cin riba ba, a tawada ne. Shi ya sa suke manna wa katirij wani ɗan guntun lantarki, wanda na'urar ke dubawa kafin ta yi aiki. In ba ta gane shi ba, sai ta tsaya cak, ko da tawada cike take.

A 2016 kamfanin HP ya kunna wani tsari mai suna Dynamic Security, mutane suka wayi gari firintocinsu sun daina karɓar katirij na wasu kamfanoni. A 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci shi tarar yuro miliyan 10 saboda rashin sanar da masu saye yadda ya kamata. Abin dariya kuma, a 2022 da guntayen nan suka yi ƙaranci a duniya, kamfanin Canon da kansa ya koya wa mutane yadda za su tsallake gargaɗin da firintarsa ke bayarwa. Ashe dama ana iya bugu ba tare da su ba!

Ke da za ki riƙa buga wa ɗalibai ɗaruruwan shafuka, ɗauki mai tanki, irin EcoTank ta Epson ko Pixma G ta Canon. Kwalba za ki saya ki ɗura da hannunki. Araha dai ba ta ado.

Amma ita ma ba ta rasa nata takunkumin. Tana da soso a ciki mai tsotse ragowar tawada, kuma tana ƙirga amfani da shi. In lissafin ya cika sai ta kulle har mai gyara ya canza ya sake saita ta. Ki tambayi mai shagon ko akwai mai wannan aikin a kusa kafin ki biya. Kuma kada ki bar ta kwanaki ba bugu, musamman da hunturu, don bakin feshinta kan toshe.