Amsa ga ƙanwata mai tafiya Suwidin da yaro mai alaji

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanwata, tun safe na saurari saƙonki, ina wurin aiki ne shi ya sa sai yanzu. Kin ce za ki bi maigida birnin Uppsala na Suwidin da yaron nan da jikinsa ba ya karɓar gyaɗa da madara, kina tambaya wane abincin Suwidin ne babu gyaɗa a ciki. To ni dai abin da na ji a muryarki tsoro ne, so kike ki san ko za ku iya cin abinci a waje ku dawo gida lafiya. Za ku iya, da yardar Allah. Amma gyaɗar nan da kike ta nanatawa ba ita za ta fi ba ki wahala ba. Madara ce.

Mutanen nan ba sa girki da gyaɗa irin namu, babu ƙuli-ƙuli a yajin nama, babu kunun gyaɗa. Inda take ɓuya shi ne cakulan, da gidajen abincin 'yan Tailan, sai wata fiza da suke so mai ayaba da kori, sau da yawa ana barbaɗa mata gyaɗa. Sunan gyaɗa a yarensu jordnötter. Kada ki ce nötter kawai, wato su almon da danginsu, ki yi shiru, don a dokarsu gyaɗa daban take, su almon daban.

Madara kuwa ko'ina tana nan. Ƙwallon naman nan da suka yi suna da shi, köttbullar, da madara ake jiƙa garin burodin da ake kwaɓa shi, ga ƙwai, miyar da ake zuba masa kuma kirim ce, dakakken dankalin da ke gefe da bota da madara. Af, kuma sau da yawa naman haɗi ne na sa da alade, wannan ma ki tambaya, amma bari dai, wata magana ce daban.

Abin da ya sa na ɗauki wayar nan ma kalma ɗaya ce, laktosfri. Za ki gan ta a kanti, a gidan shayi, a jikin askirim, ko'ina. Wallahi kada ta ruɗe ki. Laktos sukarin da ke cikin madara ne, shi ke sa wa wasu kumburin ciki da gudawa, to shi kaɗai ake narkarwa. Madarar tana nan yadda take, furotin ɗinta da ke tayar wa yaronki alaji bai je ko'ina ba. Autata tana da shekara 4 muka shiga wani gidan shayi, na ce wa yarinyar da ke sayarwa 'yata ba ta shan madara, ta yi murmushi ta ce kada in damu, wannan askirim ɗin laktosfri ne. Lokacin ban fi wata 6 a ƙasar ba, na yarda. Cokali uku ta sha. Kafin in ankara leɓenta ya kumbura, borin jini ya feso mata har wuya, ta fara amai, numfashi yana fita da ƙyar. A motar asibiti muka bar wurin. Bayan kwana biyu na koma, mai wurin ya nuna min allo ya ce ai ga shi an rubuta laktosfri, ba su ce babu madara ba. Ko sannu bai ce min ba. Yarinyar ban riƙe ta a rai ba, ba a koya mata ba ne, amma shi da ya ɗauke ta aiki ya tsayar da ita gaban jama'a fa? Har yau in na bi ta layin nan sai gabana ya faɗi. Yarinya ƙarama tana riƙe da mayafina tana kallona, ni na ba ta da hannuna, kin gane? To. Kalmar da za ki nema ita ce mjölkfri, wato babu madara, kuma ki ce musu mjölkprotein, furotin ɗin madara, a nan ne suke gane da gaske kike.

Kuma kada kunya ta hana ki tambaya, haƙƙinki ne. Tun Disambar 2014 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa masu sayar da abinci su faɗi abubuwa 14 in suna ciki, har da madara, ƙwai, kifi, gyaɗa, riɗi, alkama, waken suya. A gidan abinci za su iya faɗa da baki, shi ya sa za ki ga allo an rubuta a tambayi ma'aikata. In mai kawo abinci ya ce yana jin babu, ki ce ya je ya tambayo mai girki. Hukumar abincin ƙasar ma, Livsmedelsverket, a Uppsalan take. A'a, bari in gyara, in ƙara za ki kai kan gidan abinci, ƙaramar hukuma ake zuwa, kommun, su ke duba wuraren.

Wurin da ni ba na kai yara shi ne teburin ɗebi-da-kanka, musamman julbord na watan Disamba da wurin aikin maigida zai iya gayyatarku. Cokali ɗaya ya shiga wannan kwano ya faɗa wancan. Akwai wani gasasshen dankali, Janssons frestelse, a ido dankali ne zalla, ciki kuwa kirim ne da ƙananan kifi. Lokacin fika ma, shan gahawarsu, ki sa ido, burodin semla cike yake da kirim da niƙaƙƙen almon, koren kek ɗin nan prinsesstårta shi ma haka. A kanti abin ya fi sauƙi, ana bambanta rubutun abubuwan alaji, yawanci da baƙi mai kauri, in kin ga kan innehålla spår av, suna nufin ƙila akwai ɓurɓushi.

Allurar adirenalin, in likita ya rubuta masa, a jakar hannunki za ta zauna, har a jirgi, kada ta shiga akwati. In kin ga numfashi ya canja ki soka masa a gefen cinya, sannan ki kira 112, lambar gaggawa. 1177 na neman shawara ne, kada ki tsaya kiransa a irin wannan hali. Makaranta kuwa suna dafa wa yaro nasa daban, amma yawanci sai da takardar likita, don haka ki karɓo ta da Turanci kafin ku taso.

Anjima in na isa gida zan rubuto miki jimlar da za ki sa a kati ki riƙa nunawa, da Han är allergisk mot take farawa, wato yana da alajin kaza. Ki faɗa min ko ƙwai ma yana taɓa shi, in haɗa a ciki.